Dikodar Haya

Odessa Tillman ta dire jakarta a kan kantar ofishin kamfanin talabijin na kebul da ƙarfin da ya sa ma'aikaciyar ta zabura.

"Dikodar da ke gidana na zo saya. Faɗi kuɗinta."

"Madam, ai ba ma sayarwa, haya kawai muke bayarwa," in ji ma'aikaciyar, wata siririya mai suna Brianna, da irin murmushin nan da ake koya musu kafin a ɗauke su aiki. "Rajistar da sunan marigayi take, an rufe ta. Ki dawo da tsohuwar, mu ba ki sabuwa fil da sunanki."

"Sabuwa? 'Yar nan, sabuwar ta san mijina?"

Mijinta Clement direban bas ne a nan garin Toledo har ya yi ritaya, kuma ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba sai sau ɗaya. Wata ƙaramar tashar gari ce ta nuna bikin Ista na cocinsu, aka ba shi waƙa shi kaɗai. A tsakiya baiti ya ɓace masa, ya ƙyalƙyale da dariya, cocin duka ya taya shi. Da aka maimaita shirin Odessa ta danna jan maɓalli, dikoda ta adana. Tashar ta daɗe da mutuwa, yanzu shi ma ya bi ta. Abin da ya rage yana cikin wannan baƙin akwati, wanda suka yi shekara da shekaru suna biya wa haya, kuma an ƙera shi ne yadda ba a iya kwafe komai daga cikinsa.

"Idan na ƙi kawowa fa?"

"Sai tara, dala ɗari uku."

Fuskar Odessa ta washe. "To ai ga kuɗin nan kin faɗa! Tun ɗazu kike ta kewaye-kewaye."

"Madam, tara ce fa, ba…"

"Ki kira ta duk sunan da ya yi miki daɗi." Ta miƙa katinta, ta fito tana taku ɗai-ɗai, a ranta ta yi wa kamfani wayo.

* * *

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, 'yarta Yolanda ta biyo da soyayyiyar kaza da burodin masara. Suka kunna dikodar, kamar kullum. Ga Clement a cikin kwat ɗinsa da ta matse shi a ciki, yana ɗaga gira kafin ya ja murya. Odessa ta bar cin abincin, ta zuba wa allon ido.

Yolanda ta zaro waya ta saita allon. "Mama, bari in ɗauka, don ko-ta-kwana."

"Sauke wayar nan! Ki ɗauko min ubanki yana rawa-rawa, muryarsa kamar daga cikin tukunya?"

"Mutanen nan ba su da amana, Mama."

"Abina ne, na saya. Ɓarawo ne ke ɗaukar hoto a ɓoye. Ci kazarki."

Duk wanda ya san Odessa ya san in ta kafe, ko fasto sai dai ya yi mata addu'a daga nesa. Yolanda ta mayar da wayar jaka.

* * *

Da safiyar wata Laraba ta zauna da kofinta, ta danna rimot. Allo ya yi shuɗi, da rubutu a tsakiya: ba a ba wannan na'ura izinin aiki ba. Ta kashe ta kunna, ta sake batir, ta buga gefen akwatin. Ko gezau. Daga can ofis suka tsinke ta, ba tare da kowa ya taka ƙofar gidan ba.

Wannan karon da dikodar ta koma ofishin, a rungume. Aka kira mata manaja, mutum mai taushin murya da bai taɓa ɗaga ido daga kwamfuta ba.

"Tara kika biya, Madam, ba ciniki muka yi ba. Har gobe kayan kamfani ce."

"Firijina na saya. Talabijin ɗin ma na saya. Ita wannan me ta fi su da shi?"

"Tsari ne. Amma zan taimaka miki, in mayar da ita sunanki ta ci gaba da aiki."

Odessa ta matso kusa. "Da abin da ke ciki?"

"A'a. Kafin a sauya suna sai an goge komai." Ya miƙo hannu zai karɓa.

Odessa ta ja da baya, ta ƙara ƙanƙame ta. "Taɓa ka gani. Mijina na ciki."

"Ba fa za ta ƙara nuna miki komai ba."

"Yau ne ba za ta nuna ba. Ɗan majalisarmu zai gaji da ganina, ku ma haka. Ba inda za ni."

A gida ta mayar da ita mazauninta, ta jona wuta. Shuɗin allon ya dawo da rubutunsa, sai ta kashe talabijin ta bar dikodar a kunne. Ta jawo kujera kusa, ta ɗora tafin hannunta a kai. Da ɗumi, kuma can ciki wani abu yana juyawa a hankali.