Hoton da Ya Koma Kore

Gwaggo ta dire firam ɗin hoton a kan teburin shago da ƙarfin da ya sa gilashinsa ya yi ƙara. Ɗan ƙaninta mai shagon buga hotuna, wanda kowa ke kira Dogo, ya ɗago kai daga kwamfuta ya fara gaisuwa. Ta katse shi.

"Dubi nan. Wane ne wannan?"

"Baba marigayi ne mana, Gwaggo."

"Duk zaman da na yi da mijina ban taɓa ganinsa kore ba."

Bara ne ta kawo masa ɗan ƙaramin hoto baƙi da fari, shi kaɗai marigayin ya bari, don mutum ne da ba ya son tsayawa gaban kyamara. Gefen hoton ya fara cinyewa, Dogo ya ce ta bar masa, zai buga mata babba. Ranar da ta karɓa sai da ta yi ƙwalla, don kamar ta kira shi ya amsa. Ta rataye shi a falo. Sannu a hankali baƙin ya riƙa ja da baya, farar rigarsa ta yi kalar gansakuka, fuskar ta koma kamar ganye. Yau da safe jikarta ta tsaya a ƙofar falo tana ihu, wai akwai dodo a bango.

Dogo ya sosa ƙeya. "Tawadar rini ce, Gwaggo. Na'urar nan ba baƙi zalla take zubawa ba, launuka take haɗawa ta fitar da toka-toka. In haske ya daɗe yana dukan hoto, sai jan ya riga ya gudu ya bar koren."

"Akwai wadda ba ta gudu?"

"Akwai, amma tawa na'urar ba ta shan ta. Kuma ta rinin ta fi sheƙi, mutane sun fi so."

"Ka san haka ranar da ka miƙo mini shi kana washe baki?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban zaci kusa da taga za ki rataye shi ba."

"Au! Laifina ne ke nan! A ƙarƙashin gado kake so in ajiye mijina?" Ta miƙa hannu. "Ba ni na asalin. Zan kai wa wanda ya san aikinsa."

Ya jawo durowa ta farko, ya jawo ta biyu, ya bincike wani kwali cike da ambulan. Gwaggo na kallon gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Lokacin da muka sake fenti an kwashe tarkace da yawa," ya ce da ƙyar.

"Tarkace."

"Ba haka nake nufi ba."

"To wanda ka ce ka adana a cikin wannan akwatin naka fa?"

"Kwamfutar ta taɓa lalacewa, aka wanke ta."

Ta zauna a kan benci. Yaron da ta goya a bayanta ne wannan, wanda marigayin ya saya wa kyamararsa ta farko.

"Ki ba ni ɗan lokaci, wallahi zan gyara," in ji Dogo. Ya zare hoton daga firam, ya kifa shi a na'ura, ya duƙufa a kan kwamfuta yana cire koren, yana cike wuraren da suka koɗe. Na'urar ta yi ta gurnani, ta tofo sabon hoto, baƙi da fari, yana ƙyalli. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta daɗe tana kallo. Kumatu sumul, goshi babu ko layi ɗaya.

"Ina tabon girarsa?"

"Tabo ne? Na zaci datti ne, na goge."

"Murfin mota ne ya faɗo masa a gareji, ni na yi jinyarsa." Ta tura masa hoton. "Wannan kyakkyawan mutum ne, Allah ya ba shi mata ta gari. Ni dai ban san shi ba. Mayar mini da nawa."

Ta rungumi firam ɗin za ta fita, sai ga wani dattijo ya shigo yana warware hankici a hankali. Hoton wata mata ne a ciki, ya yi laushi don tsufa.

"Nan ne ake buga babba?" ya tambaya.

Dogo ya miƙa hannu zai karɓa, Gwaggo ta riga shi, ta dafe hannun dattijon.

"Malam, kafin ka saki, tambaye shi wace tawada zai sa. Kuma kada ka tafi ka bar masa hoton, ko da ya rantse."

"Ai ko na tsaya, idona ba ya gani sosai, Hajiya."

Gwaggo ta koma kan benci, ta gyara zama, ta ɗora firam ɗin a cinya.

"Nawa yana gani," ta ce. "Zauna."