Fatar Baba a Cikin Faranti

"Baba, don Allah kada ka taɓa komai," in ji 'yarsa, tana zura masa farar rigar aiki.

Tsohon mai gyaran famfon ya bi ta cikin ɗakin binciken yana laluben gefen tebur, don ciwon suga ya cinye masa rabin gani. Wata takwas ke nan da aka ɗan yanki fatar damtsensa, ya sa hannu a takarda. Tun ranar yake gaya wa abokai cewa 'yarsa na haɗa masa maganin ido.

Ta ciro wani ɗan faranti daga akwati mai ɗumi. Ruwa ne ja-ja a ciki.

"Ga ka nan."

"Ni? A ina?"

"Ƙwayoyin fatarka ne. Mun mayar da su jarirai, sannan muka koya musu sabon aiki."

"Jarirai? Uwata, shekarata saba'in da uku fa."

Ta bi da shi a hankali. Ƙananan jijiyoyin jini na ido suna da wasu ƙwayoyi da ke rungume su ta waje, su hana su yoyo. Suga na kashe su. Irinsu take renowa.

Fuskarsa ta washe. "Maɗaurin bututu ke nan! To, a ɗaure mana. Ko karyawa ban yi ba, na ce kada in ɓata muku aiki."

Ta ajiye farantin a kan tebur.

"Baba, na fa gaya maka tun farko, ba a kai nan ba. Sai an gwada a jikin ɓeraye. Shekara goma, ko fiye."

"Ɓeraye? Da fatar tawa? Su ma suga gare su?"

"Mu muke sa musu."

Ta kama hannunsa, ta zaunar da shi gaban madubin da ke ƙara girman abu.

"Duba yadda suka naɗe jijiyar. Sau goma sha ɗaya suna mace mini kafin wannan."

Ya kafa ido ɗaya, ya sauya ɗayan. Haske kawai yake gani, dishi-dishi.

"Ka gan su?"

"Sun yi kyau," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."

Ya miƙe yana neman maɓallan rigar.

"Mamanki na bakin ƙofa da bargo da filo, ta zaci kwantar da ni za a yi. Ke za ki fita ki yi mata bayanin ɓerayen. Ni ba zan iya ba."