Jajen Ƙwallon Bature

Ai an ba shi! Wallahi an ba baban Inès aikin, har ya sa hannu a takardar kwantira! Ku tsaya ku ji yadda saura kaɗan bakinsa ya ja masa.

Kun dai san Abdourahamane, baban Inès ɗin, da gaisuwa. Mutumin da ke tsare direban jirgin tiram a unguwar Minguettes yana tambayarsa gida da gajiya, mutane na baya suna tsaki. To, shi ne aka ɗauka gwaji a filin golf can bayan Lyon, yankan haki da gyaran yashi. Da makon gasa ya zo, shef ɗinsu, wato shugabar aikin, wata Madam mai gajeren gashi, ta kira shi gefe.

"Abdou, ƴan wasan nan ba a yi musu magana. Ko gaisuwar bonjur. Ka buɗe baki, gwajinka ya ƙare."

Ya dawo gida kamar an yi masa rasuwa. Matarsa Aïcha ta ce, "Baban Inès, sai dai in ɗinke maka bakin da zare."

Cikin ƴan wasan akwai wani Ba'amerike, Kartis Holman, dogo, furfura ta soma. Dā can ya ci kofuna a ƙasarsu, sai ciwon baya ya kwantar da shi, yanzu ƙananan gasa yake bi. Ma'aikata na ta raɗa cewa in bai yi abin kirki ba wannan karo, ya ajiye sanda ke nan.

Abdourahamane ya daure, har da cije leɓe in Bature ya gifta. Ranar ƙarshe, rami na ƙarshe, ƙwallon Kartis na nan bakin rami, tazarar da ko Inès mai rarrafe za ta tura da hannu. Ya duƙa, ya leƙa, ya zagaya, ya sake duƙawa kamar mai neman allura. Ya taɓa. Ƙwallo ya lashi bakin rami ya wuce abinsa.

Jama'a suka watse wajen wanda ya ci. Kartis kuwa ya je bayan rumfar injuna ya zauna kan benci, hula a gwiwa. Duk wanda ya hango shi sai ya sake hanya.

Nan fa Abdourahamane ya kasa daurewa. A garinsu Tasawa ko akuyar mutum ce ta ɓata, sai unguwa ta zo jaje. Ga dattijo guda, aikin rayuwarsa ya zube, ba mai ce masa komai? Ya tuna Madam, ya tuna kwantira. Ya jingine manjagara, ya ɗauko butar shayinsa, ya je ya tsuguna.

"Sannu, Malam. Ya muka ji da haƙuri?"

Bature ya ɗago, bai gane ko ɗaya ba.

"Sai haƙuri. Kurash, kurash, in ji Faransawa. Allah ya mayar da alheri."

Ya miƙa masa shayi. Mutumin ya kurɓa, sukari ya kusa fid da masa ido, sai ga dariya, sai ga hawaye. Ya yi ta zuba Ingilishi, Abdourahamane na amsa masa da "Allah sarki" da "haka ne". Juyawar da Abdourahamane zai yi, ga Madam tsaye da hannu a ƙugu.

Ran Litinin ta kira shi biro, ofishinta. Ya shiga da gaisuwa a baki, ya haɗiye.

"Na ce ko bonjur," in ji ta.

"Madam, ai ba bonjur na yi ba. Jaje ne."

Ashe kafin Kartis ya hau jirgin Paris sai da ya neme ta. Ya ce wasa kam ya bari, amma tun da ya soma, bai taɓa faɗuwa wani ya zo ya zauna da shi ba sai a filin nan. Madam ta turo takarda.

"Sa hannu. Amma gasa mai zuwa bakin tabki za ka tsaya, can nesa. Ka gaida agwagi iya son ranka."

Ku taimaka ku isar wa su Shamsiya na garin Stains, da matan unguwar Guillotière duka. Ran Lahadi akwai dambu a gidan Aïcha, kowa ta zo da yaranta.