Finjali Biyu na Lalla

A Birnin Lalle, in aka ambaci Lalla, abu guda ake cewa: matar nan mai wanke finjalin shayi biyu alhali ita kaɗai take sha. Mata na cewa ba a taɓa jin ƙorafinta ba tun da mijinta Abarci ya tafi Aljeriya, shekara tara ke nan, ba shi ba labarinsa. Ni ƙawata ce tun muna ƴammata, rijiya ɗaya muke ɗiba.

Ban iya karatu ba sai da na aurar da ɗiyata ta fari, a ajin yaƙi da jahilci na Dakoro. Da masu bincike na jami'a suka zo anketi, wato jin ta bakin mutane, kan damuwar matan da mazansu suka ɓace a tafiya, ni suka ɗauka in riƙa tambaya ina rubutawa. Madam Hamdiya, shugabarmu, ta koya mani abin da zan fara da shi: ba tilas, kuma ba wanda zai san ke kika faɗa.

Da bakina na gaya wa Lalla haka. Ta daɗe tana gyara buta a kan gawayi.

"Raliya, wani lokaci roƙon Allah nake a zo a ce mani ya rasu. In yi takaba in huta."

Na rubuta. Na mai da sunanta Haula, kamar yadda aka umurce mu. Finjali biyun kuwa na bar su a rubutun, don sun taɓa mani zuciya.

Ranar da aka tara mata a filin lakwal, makarantar garin, don jin sakamako, Madam ta karanta: "Wata Haula, mai wanke finjali biyu..." Kowa ya waiwaya. Har ƙanwar Abarci tana wurin. Lalla ta gyara mayafi ta fita, ba ta dube ni ba.

Madam ta cire shafin, ta je har gida ta ba ta haƙuri. Ni kuwa damina biyu ina bi ta bayan dangarta in za ni kasuwa, ina jin ƙamshin shayinta, na kasa yin sallama.

Jiya na shiga. Tana zaune inda na san ta, finjali biyu a faranti.

"A'a, malama mai alƙalami. Yau kuma wane suna za ki raɗa mani?"

Na durƙusa gefen tabarma.

"Lalla, sunanki kaɗai na ɓoye, ke na bar ki a fili. Na ci amanarki. Don Allah ki yafe mani."