Ruwan da Hajo Ta Aiko wa Gwamnati

Kwalba goma sha biyu, daga wuri shida daban-daban, amma duk amsa ɗaya! Madam Asabe ta cire tabarau ta goge da bakin gyale, ta mayar, ta sake duba takardar. Babu abin da ya canza. Ruwan rafi, ruwan tafki, na rijiyar bakin masallaci, har da na ramukan da mata ke tonawa cikin yashi, wai duk tas suke, kamar daga randa ɗaya aka ɗebo su. Ta ja tsaki mai tsawo.

'Yar Filato ce, cikin ramukan kuza ta girma, kuma tun bayan ƙirƙiro jiha aka kawo ta Katsina aka ba ta wani ɗan ɗaki a bayan ofis, can cikin GRA. Aikinta auna dutse da yashin rafi da ruwa, ta faɗi abin da ke cikinsu. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin tafki da rijiya sun zo iri ɗaya ba, ko da kuwa taku goma ne tsakaninsu.

Ruwan na Kwarin Maje ne, wani ƙauye can inda kwalta ta ƙare, ka bi burji, shi ma ya ƙare. Bayan garin akwai tsofaffin ramuka inda kakanninsu suka haƙi kwalli. Tun bara mai duba marasa lafiya na yankin yake rubuto takarda: yara na murɗar ciki, suna suma, awaki na faɗuwa. Asabe ta tura duwatsun wurin da yashin rafinsu babban ɗakin gwaji na Kaduna, amsa ta dawo, dalma ce jingim, har ta kasa cin abinci ranar. To amma dokar shirin gwamnati na haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi ba ta san dutse ba, ba ta san yashi ba. Rijiyoyin burtsatse goma suka rage, kuma ƙauyen da takardar ruwansa ta nuna ba ya shayuwa shi kaɗai zai samu. Yau Juma'a, kafin masallaci za a rufe fayil a tura. Gobe Asabar soja za su miƙa mulki su koma bariki, shirin ya bi su.

Ta leƙa ta taga ta ƙwala kira. "Malam Sammani!"

Sammani direban ofis ne, kuma shi ke ɗebo mata samfur tun zuwanta. Ɗan Kwarin Maje ne, shi ya sa ta tura shi. Ya shigo hannunsa duk fenti, don tun Litinin kowa a ofis ya zama mai fenti. An shafe bango, an shafe duwatsun bakin hanya, har gindin dalbejiya bai tsira ba, wai kada farar hula su zo su tarar da datti.

"Zauna. Yaya ka ɗebi ruwan nan?"

"Yadda kika koya mani, Madam. Ɗauraya uku da ruwan wurin, in cika, in ɗiga maganin da kika ba ni, in rufe, in rubuta lamba."

"Tafkin ma?"

"Har gwiwa na shiga. Jajir yake, Madam, kamar kunun kanwa."

Ta ɗaga kwalba mai lamba huɗu ta kara da haske. "To wannan ne kunun kanwar?"

Sammani ya ƙura ido, ya matso, ya ja baya. "Ikon Allah. Ko ya kwanta ne?"

"Ya kwanta ina? Ina lakar? Ta tashi sama?"

Ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin tsohonsa, ya ce akwatin bai bar hannunsa ba sai daren da ya kwana gidan yayarsa Hajo, kuma a ɗakinta ya ajiye shi, inda ko kaza ba ta shiga. Da asuba ya ɗauka ya sa a mota, bai buɗe ba. Asabe ta san mutumin ba maƙaryaci ba ne, kuma wannan ne ya ƙara ɓata mata rai, don da ƙarya ce da ta san inda za ta kama.

Ta kwashi takardu ta nufi ofishin Darakta. Alhaji Babaji yana tsaye gaban madubi, tela na durƙushe yana gwada masa babbar rigar gobe. Rediyo na ta kiɗa. Mutum uku a kan kujera suna gardamar wa za a ba kwamishina.

"Ranka ya daɗe, maganar Kwarin Maje ce."

"A'a, Madam Asabe! An tashi lafiya? Ya maigida? Ya yara? Ya zafi?"

Ta amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, haƙora a cije. Sannan ta shimfiɗa masa: dutse ga dalma, yashi ga dalma, ruwa kuma wai babu. Ta ce akwai kuskure, a ba ta zuwa Talata ta je da kanta.

"Talata? Madam, ranar Talata ni kaina ban san ko ina kan kujerar nan ba." Ya ɗaga hannu tela ya auna. "Ke kika auna ruwan?"

"Ni ce."

"Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, amma..."

"To alhamdu lillahi! Mutane na da ruwa mai kyau, ke kuma kina baƙin ciki? Ƙarfe sha biyu zan sa hannu. Ki kawo mani takarda mai cewa ba ya shayuwa, in sa su a na ɗaya. Ni ba ni da gaba da kowa."

Gaskiya ya faɗa, ba shi da gaba da kowa, kuma wallahi da mugu ne da ya fi sauƙin sha'ani. A hanyar komawa zuciya ta ce mata, ke, ɗauki biro ki canza lamba ɗaya, wa zai sani? Ta tsaya a baranda. Ba ta taɓa yi ba. In ta yi yau, gobe wani mai babbar riga zai zo ya ce ta yi wa ƙauyensu, kuma ba ta da bakin cewa a'a. Ta wuce tana zagin kanta a zuci.

Sha ɗaya da kwata ta tarar da baƙuwa zaune a ƙasa bakin ƙofarta, ta ƙi hawa benci. Tsohuwa ce siririya, da lulluɓin saƙi, da ƙwarya rufe da faifai, da wata tsohuwar jarkar man gyaɗa da ta tura bayanta. Sammani na tsaye gefe yana murmushi.

"Madam, yayata ce, Hajo. Ta zo karɓar wa jikarta magani, ta ce sai ta gaishe ki."

"Ɗiyata, kina lahiya? Ya aiki? Ya baƙunta, ko da yake an ce kin daɗe? Ya mutanen gida?"

Asabe ta rusuna ta amsa, idonta na kan agogo. Hajo ta buɗe faifai, ƙwan zabi ne. Ta ce jikarta Tani ce ba lafiya, wata uku ke nan, ciki ya ƙi ta, ga shi ta daina magana sosai, yarinyar da da ba ta rufe baki. Sannan ta gyara zama, fuskarta ta washe.

"Ruwa dai ya iso lahiya ko? Ya yi maki?"

Asabe ta juyo a hankali. "Wane ruwa, Inna?"

"Na kwalabe mana. Ai wannan," ta nuna Sammani da haɓa, "tun yana yaro ba shi da kunya. Na buɗe akwati don in ga mi ya ɗauko, sai na ga ƙazanta! Ruwan tafki, inda shanu ke hitsari, shi za a kai birni gaban gwamnati, gaban baƙuwa, a ce ga ruwan mutanen Kwarin Maje? Mu da ko mai tallan gishiri ya sauka ba mu ba shi wannan. Na zubar. Na wanke kwalabe da toka. Akwai tulun da nike ajiyewa don baƙi, na famfon Tashar Kanya, tahiyar rabin yini ce zuwa da dawowa. Duka na juye maki, ko kurɓa ban rage ba. Takardun jiki kuma ban taɓa su ba, na san na aiki ne."

Ta faɗa tana jiran godiya.

Sammani ya dafe kai ya zame jikin bango har ƙasa. "Yaya! Innalillahi. Yaya, kin kashe mu."

"Kai, rufa mani baki. Na hidda ku kunya."

Haushi ya cika Asabe, ta rasa wanda za ta sauke wa. Tsohuwar da ta ba ta ruwan da ta fi ji da shi? Ta ji kamar ta kwanta a siminti ta yi ta ihu. Sati uku na aiki, man mota da aka yi ta roƙo kafin a bayar, duk an wanke da toka saboda kara.

"Inna," ta ce, "ba sha zan yi ba. Dattin nake nema. Dattin shi ne zai kawo maku rijiya."

Hajo ta dube ta kamar mai jin wani yare. "Datti? A kai wa mutum datti ya yi maka alheri?"

Nan idon Asabe ya sauka kan jarkar da tsohuwar ke ɓoyewa bayanta.

"Mene ne a ciki?"

"Ba komai. Guzurina ne na hanya."

"Na ina?"

"Na gida. Na ramin rahi. Bari, ɗiyata, ba irin naku ba ne."

Asabe ba ta tsaya neman izini ba. Ta fizge jarkar, tsohuwa na "a'a, a'a, don Allah," ta shige ɗaki. Ruwan launin ƙasa, da ɗan wari. Ba haka ake ɗebo samfur ba, ta sani, jarkar mai ce, babu lamba, babu komai, kowane malaminta da ya gani sai ya kore ta daga aji. Ta tsiyaya a 'yar kwalbar gwaji, ta zuba koren maganin nan da ke juyewa ja in ya haɗu da dalma, ta toshe ta girgiza. Bai yi wata-wata ba, ya koma ja. Ta sake da sabuwar kwalba don kada a ce. Ja.

Ta rubuta takarda a tsaye, ta buga hatimi, ta fita da gudu. Mace mai 'ya'ya huɗu tana gudu a barandar gwamnati, takalmi ɗaya ya cire, ta bar shi. Agogon bango ya ce sha biyu saura minti goma.

Ofishin Darakta a kulle. Sakatarensa na ninke darduma.

"Ai Alhaji ya fita tun ɗazu, Madam. An kira su filin da za a yi rantsuwa, gwajin zama. Ya sa hannu kafin ya fita, masinja ya kai fayil babban ofis."

"Ya ce sha biyu!"

"To, ai kin san yau ba kamar kullum ba ce."

Ta sa Sammani ya tada mota. Kowace hanya an tare, 'yan sanda na atisayen fareti, motoci ɗauke da kujeru da rumfuna, mutane na kwarara masallaci. Suka zaga ta cikin gari, ta wajen hasumiyar Gobarau, suka maƙale bayan amalanke. Da suka isa babban ofis ƙarfe ɗaya ta wuce. Wani magatakarda da ke kulle durowa ya saurare ta da ladabi, ya ce an riga an ɗaure jerin sunayen an haɗa da takardun miƙa mulki, ba mai iya kwancewa. Ya ƙara da cewa ta kwantar da hankalinta, sabuwar gwamnati ta jama'a ce, za a kafa kwamiti.

"Yaushe?"

"In an naɗa kwamishina."

"Yaushe za a naɗa?"

Ya ɗaga kafaɗa ya sa makulli a aljihu.

Da suka dawo Hajo na nan inda suka bar ta, ta tsinto takalmin ta ajiye a bakin ƙofa. Sammani ne ya yi mata bayani, a hankali, da irin maganarsu ta gida. Asabe na ganin lokacin da abin ya shigi Hajo. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta dubi tafin hannunta.

"Ke nan ruwan ne ke cin Tani."

"Shi ne, Inna."

"Kuma ni na hana."

"Zan je da kaina ranar Litinin," in ji Asabe. "Zan ɗebo da hannuna, in kwana da akwatin a ƙarƙashin kaina. Zan rubuta, in sake rubutawa, har su gaji da ni." Ita kanta ta ji yadda maganar ba ta da nauyi, don shekara goma sha ɗaya ta koya mata tsawon ran kwamiti.

Hajo ta miƙe ta gyara lulluɓi. Ta ce motar ƙauye ba ta jira, a ba ta jarkarta. Asabe ta zubar da sauran ruwan a bayan ɗaki, ta wanke jarkar da sabulu sau uku, ta cika ta taf daga duron ofis, ta miƙa mata.

"Ki sha wannan a hanya. Rana ta yi zafi."

Tsohuwar ta buɗe ta leƙa, ta ga har gindin jarkar ana gani. Leɓɓanta a bushe suke, tun asuba ba ta sa komai a baki ba. Ta mayar da murfi ta murɗa da ƙarfi, ta ɗora a ka.

"A'a, ɗiyata. Ni na saba da namu. Wannan na Tani ne, in an yi tattali zai kai ta kwana uku."