Ɗacin Shuwakar Inna

"Ban ce ka kashe ta ba. Cewa na yi ka lalata ta."

"Inna, diba ganyen nan fa. Yaushe kika taɓa ganin shi da faɗi haka?"

"Faɗin ganye aka sha?"

Jumare ya saki ganyen. Suna tsaye a bayan ɗakin girki, inda uwarsa Bara'atu ta kewaye ɗan fili da kara, bai fi taki goma ba. Zogale a kusurwa, tazargade, ɗoɗɗoya, sai shuwaka gindi uku da ta zo da reshensu daga Fakku shekarar da aka kawo ta Tambuwal. Toka da kashin awaki da ruwan wanke-wanke, abincinsu ke nan tun kafin a haife shi.

Shi kuwa ya gama sakandare, wata bakwai yana jiran takardar aiki daga Sakkwato. Kullum da hantsi ya leƙa gidan waya, ya dawo hannu wofi, ya rasa inda zai sa kansa. Ranar da aka raba takin zamani a ofishin gona ya shiga layi don dai ya ga ya yi wani abu, ya samo rabin buhu. Ba shi da gona. Inna ta tafi gidan suna, ya barbaɗe mata lambu kaf. Cikin sati uku shuwaka ta wuce danga, ganye kore shar, har maƙwabta na leƙowa.

Yanzu ga Husaina, matar yayansa, ta haihu kwana huɗu, nono bai kawo ba. Yayan yana Ikko wurin aikin gini. Sau biyu Inna ta yi mata miyar shuwaka kamar yadda take wa kowace mai jego a unguwar, shiru. Daga nan inda suke ana jin jinjirin, kukan ma ya fara shaƙewa.

Inna ta tsinki ganye ta tauna, ta tofar.

"Ruwa. Ruwa zalla."

Jumare ya tsinka shi ma. Ɗaci ya kama shi har maƙogwaro, ya yamutsa fuska.

"Wallahi Inna da ɗaci."

"Kai ka san ɗaci? Kai da ko kunun kanwa sai an sa maka sukari?"

"A kemis akwai madarar gwangwani."

"Ɗan kwana huɗu? Da uwatai zaune?" Ta juya masa baya tana gyara karan danga da bai karkace ba. "Uwar wagga shuwaka na nan Fakku, bayan gidan Kawunka Bube. In kana son gyara ɓarnarka, tafi ka ɗebo min. Ganye da reshe. Waɗannan tumɓuke su zan yi."

Ya ari babur ɗin Ɗangiwa tela, ya kama hanyar Kebbe. Ruwa ya cinye hanyar, wani wurin sai ya sauka ya tura. Duk inda ya kashe inji sai ya ji kamar kukan yaron ya biyo shi. Ya yi ta gardama da Inna a zuci. A littafin noma da suka karanta babu inda aka ce taki na rage ƙarfin ganye. Babu kuma inda aka ce ba ya ragewa. Littafin masara da auduga ya sani.

Bayan azahar ya isa. Kawu Bube na gindin durumi yana tufkar igiyar shanu.

"A'a, ɗan boko! An ba ka gwamnan ko har yanzu suna shawara?"

"Suna shawara, Kawu. Inna ta aiko ni. Shuwaka."

Ya faɗi abin da ke ciki a taƙaice, bai ambaci taki ba. Kawu ya daina dariya, ya miƙe, ya ƙwala wa matarsa Tambaya kira ta kawo wuƙa. Suka zagaya bayan gida.

Ga ta nan, tsohuwa, gindinta ya yi kaurin damtse. Ganyenta kore shar, faɗi kamar tafin hannu. A kan danga an shanya buhun taki, irin nasa sak, an wanke shi ana jira ya bushe.

Jumare ya tsaya yana kallon buhun.

"Kawu, kun sa mata?"

"Gero kaɗai ni sa ma. Gero da dawa."

"Ragowar fa?"

Kawu ya dubi Tambaya. Tambaya ta dubi wuƙar da ke hannunta.

"Ɗan kaɗan ne," ta ce. "Kakkaɓin buhu. Ban ma tuna ko nan na kakkaɓe ko wajen kuɓewa ba."

Ya tsinki ganye ya tauna a hankali, ya bar shi a kan harshe. Ɗaci ne. Irin na gida ne, ko ya fi, ko bai kai ba, bakinsa ya kasa rabewa. Rana ta fara karkata, ga hanyar nan tana jiransa, kuma abin da zai ɗaura a bayan babur shi Husaina za ta sha gobe da safe.

Ya miƙa wa Kawu ganye guda, ya miƙa wa Tambaya guda. Suka tauna. Akuya ta turo kai ta danga, ba wanda ya kore ta.

"Da can ma haka ɗacinta yake?" Jumare ya tambaye su.