Wai Jirgi Ɗaya Muke Ciki

Sabon manajan kamfanin robobi ba ya jin kowane yare sai Turanci, shi ya sa duk sanda zai yi wa ma'aikata magana sai Sakatariya ta yi masa tafinta. Ran nan ya sa aka kashe injuna, aka tara kowa a ɗakin cin abinci. Kawun Sakatariya na sahun gaba, hannu duk baƙin mai. Shi ke kula da injin narka roba tun ba a haife ta ba.

Manaja ya yi murmushi, ya yi magana, ita kuma ta juya zuwa Hausa.

"Ya ce dukkanmu jirgin ruwa ɗaya muke ciki."

"Wane jirgi kuma?" in ji direban kamfanin.

"Salon maganarsu ne. Wai abin da ya shafe ku ya shafe shi."

"Af! To madalla."

"Ya ce kuma dole kowa ya ƙara tsuke bel ɗinsa."

Idanu suka koma kan tumbin Manaja, aka yi ta gumtse dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta san in Turanci ya fara yi maka shimfiɗa mai laushi haka, ƙaya na ƙarƙashi.

Sai Manaja ya sassauta murya, ya dafa ƙirji.

"Ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, amma za a saki wasu daga cikinku."

"Saki?" in ji Kawu. "'Yar nan, dama aure muka yi da shi?"

Ɗakin ya kece da dariya. Manaja ma ya taya su, sannan ya raɗa mata cewa ta bar zancen haka, sauran bayani sa ji a bakin ƙofa ƙarshen wata.

Nan ranta ya yi baƙi. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa gaban wuta, hayaƙi ya cinye masa ƙirji, sannan a kore shi yana dariya, bai ma san an kore shi ba? Kuma da bakinta?

"Kawu, ku daina dariyar nan," in ji ta. "A Turanci in an ce za a sake ka, korarka za a yi. Ƙarshen watan nan."

Kawu ya goge hannu a jikin wandonsa.

"Tambaye shi, a jirgin nan namu, shi ma ruwa za a jefa shi?"

Ta tambaya, ba ta rage ko kalma ba. Manaja ya juya ya fice.

Da rana ya kira ta ofis. Ya ce ai ta riga ta zubar da wake, wato ta tona asiri, don haka yana ganin lokaci ya yi da za ta buɗe fukafukanta.

"Ranka ya daɗe, ni ba tsuntsuwa ba ce. In korata ka yi, kira abin da sunansa."

Ya yi ta kewaye-kewaye, wai sabon babi, wai ƙofofi za su buɗe mata. Ta ja kujera ta zauna, ta ce tana jira. Sai da gumi ya keto masa sannan ya furta cewa ya kore ta, yana kallon bango.

Ta ɗauki jakarta ta sauko. Ma'aikata na zaune a tsakar kamfani, ba wanda ya kunna inji. Sun ce ba za su tashi ba sai ya fito ya gaya musu, ɗaya bayan ɗaya, wa zai tafi, da dalili.

Kawu ya matsa mata a kan benci, ta zauna.